Magajin Gari Yana Jiran Tururuwa

A Bandekom, idan damina ta zauna, gajimare ba ya tsayawa a sama inda aka ajiye shi. Da an ci abincin rana sai ya gangaro daga tsaunuka, ya bi ta gonakin kofi, ya ratsa shingayen gidaje, ya zo ya kwanta a barandar ofishin magajin gari. A daidai lokacin ne Numbisi yake gyangyaɗi a kujerarsa, kuma duk ma'aikatan ofis sun san ba a tashinsa, ko da gwamna ne a waya.

Numbisi namu ne, ɗan Mama Juije mai gonar gwaza a gangaren rafi. Yana ɗan ƙanƙane ya hau motar kaji ya tafi Duwala. Ya yi tallan gyaɗa a bakin tashar jiragen ruwa, ya sayar da ashana, ya sayar da sabulu, har ya faɗa kan abin da ya ɗaga shi, wato hodar nan ta kashe ƙwari mai hoton zakara a jikin gwangwani. Daga Duwala har Bangi babu ɗakin girkin da ba a barbaɗa ta. Daga nan sai manyan motoci, sai otal-otal, sai banki, har mutane suka gaji da kintatar dukiyarsa suka koma cewa kawai Allah ya ba shi. Da furfura ta gama cinye kansa sai ya dawo gida ya ce yana son kujerar magajin gari. To wa zai ja da shi? Mutumin da ya tsaya takara da shi ma, an ce Numbisin ya jefa wa ƙuri'a.

Gaskiya ya yi aiki, ba za mu ci haƙƙinsa ba. Bai taɓa karɓar albashi ba. Ya shimfiɗa kwalta, ya kafa fitilu, ya rufe kasuwa da kwano, ya gina makarantar da har tagoginta gilashi ne. Har famfon ado mai feshin ruwa sama ya dasa mana a tsakiyar gari, mu da ruwan sama ya isa ya yi mana yawa. Halinsa ne dai bai canza ba: duk abin da yake so, aikawa yake yi a kawo masa.

Abu ɗaya ne ya gagari aike, shi ne abin da yake gani a wannan gyangyaɗin na rana.

Kullum mafarkin ɗaya ne. Ga jar turbar da ke gangarawa rafi, ciyawa jiƙe tana shafar masa ƙauri, shi kuma ya koma yaro. Mahaifiyarsa tana gaba, kwando a ka, tana tafiyar nan tata marar sauri wadda kuma ba a cim mata. Yana ganin kaushin diddigenta. Yana ganin zanenta da ya koɗe, da jijiyar wuyanta da nauyin kaya ya tayar. Har ƙamshin hayaƙin da ke jikinta yana ji. Sai ya kira ta, ya sake kira, amma ba ta waiwaye. Haka za su yi ta tafiya cikin farin gajimare, har ƙarar wani babur ta farkar da shi.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne ya manta fuskarta. Mama Juije ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Lokacin da ciwon ajali ya kama ta ta aika a kira shi, shi kuwa yana tsakiyar buɗe wata sabuwar masana'anta, sai ya turo Marsandi da direba da likita su kawo ta Duwala. Ta fito da sanda ta zagaya motar, ta tambayi direban ko ita wannan ƙarfen ta haifa, ta koma ɗaki. Kafin ya iso an rufe ta. Ya yi mata makokin da har yau ake kwatance da shi, shanu da bindigogin toka da 'yan rawa daga masarautu na kusa da na nesa, amma fuskar ta ci gaba da dusashewa a ransa har ta ɓace.

A bara likitocin Faris suka duba shi suka ce ya koma gida ya ci duk abin da ransa yake so. Ɗan kasuwa ne, ya gane maganar. Mutuwar ba ta tsorata shi sosai ba. Abin da ke tsinka masa zuciya shi ne ya isa can ya wuce mahaifiyarsa bai gane ta ba, ko ya gane ta, ita kuma ta ci gaba da ba shi baya har abada.

Wata ranar kasuwa sai ga Wambo, tsohon ɗan goro, sa'ansa da suka yi farautar gafiya tare suna yara, kuma mutum ɗaya tak da ya rage a garin mai iya zagin magajin gari a gabansa. Ya hau baranda da gorar bammi a hannu, ya tarar da shi ya farka yana share ido.

"Kai, mai zakara, kuka kake yi ko hodar taka ce ta shiga maka ido?"

Numbisi ya yi niyyar ya share zancen, amma bammin ya yi daɗi, gajimaren kuma ya rufe su har ba a ganin titi. Sai ya ba shi labarin mafarkin duka.

Wambo ya kurɓa ya goge baki. "Kai dai kuɗi sun yi maka yawa, hankali ya rasa wurin zama. Tsohuwar nan yunwa take ji. Yaushe rabonka da ka zuba mata manja?"

"Duk shekara ina aikawa. Jarka-jarka, da buhun gishiri."

"Yana aikawa! Ku ji min mutum. To ka aika direbanka ya yi maka mafarkin mana, ko shi za ta waiwayo ta dube shi." Ya yi dariya har da tari, sannan ya sassauta murya. "Ka je wurin uwarka, Numbisi. Tana nan gangaren rafi, ka san ɗakin."

Ya san ɗakin, kuma ya san abin da Wambo yake nufi da uwa. Kamar kowace tsohuwa a nan, bayan 'yan shekaru an tono ƙoƙon kan Mama Juije an binne shi a kusurwar ɗakinta, a ƙarƙashin wata tsohuwar tukunya, inda 'ya'ya da jikoki za su riƙa zuwa su ba ta abinci su faɗa mata damuwarsu. Wadda ke kula da shi ita ce magajiyarta. Mama Juije kuwa ba ta da 'ya mace, don haka ta bar kujerarta da fartanyarta da sunanta ga jikarta Maptuwe, 'yar Numbisi ta fari, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta, ya kawo ta ƙauye tana jaririya ya ajiye ya koma neman kuɗi. Tun ranar da aka ɗaura mata zanen kakarta ta zama uwar gidan. Har dattawan dangi masu dogara sanda, Mama suke ce mata. Numbisi kaɗai ne bakinsa ya kasa. Ya gina mata gida a Duwala ta ƙi zuwa, ya saya mata mota ta bar kaji suna ƙwai a ciki. Idan sun haɗu a taro yakan yi mata magana yana duban agogo, don akwai wani abu game da ita da ke sa ƙirjinsa nauyi, shi kuma bai saba tsayawa ya binciki irin wannan nauyin ba. Ga shi yanzu ita ma furfura ta fara fito mata.

Da a ce wani ne, da ya sayi kwalbar manja ya gangara rafi shi ke nan. Amma Numbisi ne. Ya kwana yana tunani, ya tashi da shawarar cewa abin da ya ɓata wa tsohuwa rai shi ne zama a ɗakin jar ƙasa mai yoyo, alhali ɗanta yana kwana a saman tudu cikin gida mai hawa-hawa. Sai ya kira magina.

Kafin masara ta nuna an gama ginin, a tsakiyar lambun gidansa. Farin dutse aka yo oda daga Italiya, aka shimfiɗa tayil mai sheƙi, aka sa ƙofar gilashi da fitilar da ba ta mutuwa. A tsakiya aka bar ɗan rami daidai tukunya, shi ma aka shafe shi da siminti don kada danshi ya shiga. Da komai ya kammala ya shiga mota ya gangara har ƙarshen kwalta, wajen gada, ya aika a kira Maptuwe. Ta zo da fartanya a kafaɗa ta tsaya jikin tagar motar. Ya yi mata bayani idonsa na kan wayarsa.

Can ta ce, "To, Papa. Idan za ta ci abinci a can, a kai ta."

Ranar ƙaura gari ya cika. 'Yan majalisa sun zo, fadawan sarki sun zo, matan zumunta sun yi anko. Numbisi ya sa kwat da ɗamarar ofis mai launi uku. Aka ɗauko tukunyar da ƙoƙon a cikinta a mota mai sanyi, Maptuwe na rungume da ita a cinya, aka sauke ta cikin ramin siminti. Sannan ya durƙusa da kyar, ya zuba manja, ya barbaɗa gishiri, ya ajiye dakakken agushi da naman akuya. Ya yi magana kamar mai buɗe taro, ya lissafa mata tituna da fitilu da makaranta. Daga nan aka zuba wa ƙasa ido.

Ko yaron goye a Bandekom ya san abin da ake jira. Matattu ba su da haƙora, tururuwa ce bakinsu. Idan ta fito ta yi layi ta kwashe abin da aka ajiye, an karɓa. Idan ba ta fito ba, to akwai magana.

Rana ta karkata. Gajimare ya sauko ya lulluɓe lambun, ya jiƙa kafaɗun mutane. Manjan yana nan kwance a kan tayil, ja wur, ko motsi. 'Yan majalisa suka fara duban takalmansu, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Wambo ne ya matso kusa da kunnensa.

"Mai zakara, yaushe aka yi wa tudun nan feshi na ƙarshe?"

Numbisi ya san amsar. Tun ranar da aka aza harsashin gidan ake bin tudun da hoda duk wata, daga ƙofa har katangar baya. Shi da bakinsa yake alfahari a gaban baƙi cewa duk wanda ya nuna masa ƙuda ɗaya a gidan zai ba shi mota. Ko tsuntsu ba ya sauka a lambun, don babu abin da zai tsattsaga.

Maptuwe ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar gilashin ta ce ba za ta bar tsohuwa ita kaɗai a baƙon wuri ba. Kwanaki suka yi ta wucewa, naman ya bushe, manjan ya daskare. A kasuwa kuwa abin nema ya samu. Masu sayar da alala suna ce wa juna, "Rufe tukunyarki, kada tururuwa ta shiga, magajin gari yana nemanta ruwa a jallo." 'Yan acaɓa suka ce an kusa buɗe sabon ofishi na shigo da ƙwari daga waje.

Ba su san sun kusa faɗar gaskiya ba. Numbisi ya kira masu lambu, ya ba su a-kori-kura, ya ce su je kwari su haƙo masa gidan tururuwa ɗungurungum. Suka kawo a cikin manyan robobi, suka juye a bakin ɗakin. Yana tsaye da sandarsa yana kallo. Tururuwar ta watse ko'ina, kowace da farin ƙwai a baki, tana neman hanyar gida. Ko ɗaya ba ta kalli manjan ba. Waɗanda suka kai gindin katanga suka fara juyi a wuri ɗaya, suka ƙanƙance, suka tsaya. Kafin inuwa ta juya an share su da tsintsiya.

Maptuwe tana zaune a tabarmarta tana ɓare wake, ta ba shi baya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Papa, ka sake aika mata mota."

Maganar ta shige shi har ƙashi. Ya juya ya tafi ofis, don majalisa za ta zauna da yamma kan maganar sabuwar tasha.

A baranda barci ya ɗauke shi kamar kullum, amma mafarkin ya canza. Turbar tana nan, ciyawar tana nan, sai dai mahaifiyar ta yi nisa. Ba ya ganin diddigen, ba ya jin ƙamshin hayaƙin. Kwandon kawai yake hangowa yana lilo a cikin fari, yana ƙara ƙanƙancewa. Ya yi ƙoƙarin gudu, sai ya ga ƙafafun ba na yaro ba ne, nasa ne na yanzu, kumburarru cikin takalmin fata. Ya farka yana haki, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a gaban likitocin Faris.

Sakatare ya leƙo ya ce majalisa ta hallara. Numbisi ya cire ɗamarar mai launi uku ya miƙa masa.

"Riƙe min. Ka ce su fara."

"Ranka ya daɗe, a kira direba?"

"Kada a kira kowa."

Ya sami Maptuwe inda ya bar ta. Ya ce, "A mayar da ita gida." Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta shiga ta durƙusa, ta yi wa tsohuwa 'yar magana ƙasa-ƙasa, ta ciro tukunyar ta naɗe da zane, ta sa a cikin kwandon wakenta, ta yi gammo ta aza a ka. Masu gadi suka ruga za su fito da mota, ya ɗaga musu sanda. Ta fita ta babbar ƙofa, ya bi bayanta.

Haka suka ratsa gari da ƙafa, ta gefen famfon ado, ta gaban kasuwar da ya rufe da kwano. Masu tsokana suka yi tsit. Gajimaren ranar ya yi kauri, fitilun titi suka ɗauka dare ne suka kama da kansu, suna ta iyo a cikin farin kamar ba a jikin komai suke ba. Numbisi bai tuna rabon da ya taka garin nan da tafin ƙafarsa ba. Ashe titin da ya shimfiɗa yana da tsawo haka.

A gada kwalta ta ƙare, jar turba ta fara. Takalmansa suka riƙa zamewa a laka, sai ya tsaya ya cire su ya bar su nan bakin hanya, har da safa. Sanyin ƙasa ya ratsa shi. Jiƙaƙƙiyar ciyawa ta shafi ƙaurinsa. Da ya ɗaga kai, sai ga kwando a gaba yana lilo, ga koɗaɗɗen zane, ga jijiyar wuya, ga kaushin diddige yana ɗagawa yana sauka. Iska ta kawo masa ƙamshin hayaƙi. Ya rasa ko a farke yake ko har yanzu yana kujerar baranda, ya kuma ji bai damu ya sani ba.

Tafiyarta ba sauri, amma tana yi masa nisa. Ƙirjinsa ya fara zafi.

"Maptuwe, dakata mini."

Ba ta waiwaya ba. Wadda ta ɗauko tsohuwa a ka ba ta amsa sunan yarinta, wannan kowa ya sani, shi ne dai ya daɗe a Duwala.

"Maptuwe!"

Fari ya fara haɗiye ta. Zanen ya ɓace, saura kwandon. Ya jefar da sandar ya yi taku biyu, gwiwoyinsa suka ƙi. Sai wata murya ta fito daga cikinsa, siririya, wadda rabonsa da ita tun kafin motar kaji.

"Mama! Mama, jira ni!"

Kwandon ya tsaya. A hankali, saboda nauyin da ke kanta, ta juyo da dukan jikinta, ta tako baya har ta fito daga cikin gajimaren ta tsaya a gabansa.

Ga faffaɗan goshin. Ga 'yar wushiryar. Ga girar hagu da ta fi ta dama tashi, kamar kullum tana shirin tambayarka inda ka tsaya ka yi dare. Babu abin da ya ɓace, ko ɗaya. Fuskar da ya yi ta nema a barci tana nan gangaren rafi shekara da shekaru, tana zuwa jikin tagar motarsa, shi kuma yana duban waya. Kunya da daɗi suka haɗu masa, ya tsaya cikin laka yana kuka da baki buɗe, bai ko rufe fuska ba.

Ta dube shi tun daga kai har ƙafa. "Numbisi," in ji ta, karo na farko da ta kira sunansa gatsau, "ɗauki sandarka. Ka wanke ƙafafun nan a rafi kafin ka shigar min ɗaki, warin hoda kake yi."

"To, Mama."

Ɗakin yana nan yadda ya san shi, duhu-duhu, rufin ya yi baƙi da hayaƙi, ruwa na ɗiga a wata kusurwa cikin ƙwarya. Ta mayar da tukunyar raminta ta tura ƙasa da hannu. Manjan da ya rage a gidan ɗan kaɗan ne a gindin kwalba, shi ta miƙa masa, da gishiri a tafin hannu. Ya zuba, ƙasa ta shanye. Bai yi jawabi ba. Ya ce, "Na zo," ya zauna a 'yar kujerar tukurwa, ya miƙe ƙafa.

Ta hura wuta ta ɗora gwaza. A can cikin gari majalisa tana ta jiran magajin gari, shi kuwa yana zaune ya tallabe haɓa yana kallon fuskarta a hasken murhu, yadda take hura wuta, yadda take yamutsa fuska idan hayaƙi ya shige mata ido. Ya ma manta da abin da ake jira. Ita ce ta leƙa ƙasa, ta nuna da muciya.

"Numbisi, ɗaga ƙafarka, ka tare musu hanya."

Ya duba. Siririn baƙin layi ya fito daga gindin bango, ya zo ya tsaya a diddigensa yana neman ta inda zai bi. Ya sa hannu biyu ya tallabo kumburarriyar ƙafar, ya ɗaga ta sama, ya riƙe ta haka har suka wuce.